Wuƙar Baffa da Lemon da Ya Koma Tsami

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma. Baffa, yayan mahaifina, wanda ya ɗauke ni ya riƙe tun ranar da aka binne mahaifina ina ɗan shekara shida, ya rasu wata Talata da hantsi a ƙauyenmu da ke bayan Roni, bayan ya shafe shekara shida yana kwance. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma ba zan ɓoye ba, akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro, in ban fitar da ita ba ko addu'ar da nake yi masa ba ta yi mini daɗi a baki.

Jama'a kam sun zo. Tabarmin gida suka ƙare aka aro na masallaci. 'Yan acaɓa suka yini suna sauke mutane, wasu daga Gwiwa, wasu daga Babura da Kanya Babba, har da wata mata 'yar kudu, Kirista, mai sayar da kayan marmari a kasuwar Kazaure, wadda ta durƙusa nesa da maza tana sharar hawaye. Ta ce shekara ashirin tana sarin lemo a hannunsa, ba ta taɓa zazzage kwando ta tarar da ruɓaɓɓe a ƙasa ba. Ita kaɗai ce a ranar ta yi maganar lemon Baffa da murya a sake.

Sauran kuwa, kowa ya zo sai ya yi yadda aka saba: yaya haƙuri, Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta. Mu ce amin. Sai ya gyara zama, ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya ya tambaya, wai da gaske ne lambun ya juye gaba ɗaya? Wani ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin bishiyar zaƙi ta koma tsami ba. Wani ya kaɗa kai ya ce ai ruwa ba ya tsami banza. Wani dattijo daga Gwiwa, abokin Baffa tun suna samari, yana gefe yana ta jan carbinsa. Ba wanda ya ambaci suna. Amma duk wanda ya gama maganarsa sai idonsa ya kai kan katangar gabas, inda ɗakin Gwaggo yake, ƙanwar Baffa, uwa ɗaya uba ɗaya.

A cikin gida abin ya fi haka muni. Matata ce ta leƙo zaure ta raɗa mini cewa Gwaggo ta dama kunun gyaɗa cike da babbar roba saboda baƙi, amma kofuna suna komawa yadda aka miƙa su. Wannan ta ce azumi take, waccan ta ce yanzu ta ci abinci, wata kuma ta karɓa ta faki idon mutane ta zubar a bayan randa. Na ce mata to, na koma na zauna a kan tabarma. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yinin ranar duk wanda ya ce lemo sai gabana ya faɗi.

Abin dariya shi ne, in maganar zargi ake yi, duk waɗanda suka cika tabarmin nan yara ne a gaban mamacin. Baffa bai yarda da komai ba sai abin da idonsa ya gani ko hannunsa ya taɓa. Ka zo ka ce masa an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Babura, ba zai ce ƙarya kake ba, sai dai ya sunkuya ya dubi tayar babur ɗinka ko da laka. In ya sayi takin zamani sai ya zura hannu har gindin buhu ya damƙo ya murza, wai a can ƙasa ake ɓoye yashi. Ko zuma aka kawo masa tsaraba sai ya ɗiga a ruwa ya tsaya yana kallo, mai tsarabar na zaune. Kuma yana da tambaya guda da ta ishi kowa a gidanmu. Da ka buɗe baki ka ce wai, zai tare ka.

"Ji ka yi, ko gani ka yi?"

In ka ce ji ka yi, sai ya ce to ajiye shi a bakin zaure, ranar da ka gani ka shigo da shi. Muna yi masa tsiya a bayan ido, muna kwaikwayon muryarsa. Sai da na girma na lura duk zarginsa a kan kaya yake ƙarewa da kan labari, ban taɓa jin ya ɗora wa mutum laifin da bai gani ba. An taɓa sace masa tunkiya, gari duka ya nuna wani makiyayi da ya sauka kusa da fadama. Baffa ya ce shi bai gani ba, ya ci gaba da sayen nono a wajen matar mutumin. Ni kuma tun da na shigo hannunsa ya hana a kira ni maraya a gidan, ko da wasa.

Lambunsa yana bakin fadama, da rijiya a tsakiya da bishiyar lemo goma sha takwas. Goma sha bakwai na zaƙi ne, irin wanda in ka ɓare ruwansa ke bin hannunka. Ya koyi yi wa bishiya aure tun yana saurayi a wurin wani malamin gona a Kazaure, kuma ko shi sai da ya gwada a bishiya ɗaya, ya jira shekara uku ya ɗanɗana, kafin ya yarda malamin ba shirme yake yi ba.

Ni ban fahimci sirrin ba sai wata Juma'a da safe. Na riga na fara koyarwa a Kazaure ina ji da kaina, na same shi tsugune a gindin wata bishiya yana yanke wani toho kore shar da 'yar wuƙarsa mai naɗewa. Na ce Baffa wannan ai ɓarna ce, ga reshe lafiyayye ka datse ka bar tsoho. Ya ce malamin makaranta, zo ka karanta wannan. Ya nuna mini wani tabo a jikin bishiyar, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Ya ce bishiya biyu ce a nan. Ta ƙasa lemon tsami ce mai ƙaya, shi ya shuka ƙwallonta, don saiwarta ce ke jure ƙasarmu, ta jure fari ta jure ciwo. Da ta yi kaurin yatsa sai ya tsaga ɓawonta, ya cusa idon reshen lemon zaƙi ya ɗaure da leda, da idon ya kama sai ya sare kan mai tsamin. Daga tabon zuwa sama zaƙi, daga tabon zuwa ƙasa tsami, har ranar da bishiyar za ta mutu. Duk tohon da ya fito a ƙasan tabo na tsamin ne, kuma ya fi na sama ƙarfi da haɗama. In aka bar shi zai shanye ruwa ya shanye taki, ya yi wa na sama inuwa har ya bushe.

"Zaƙin nan baƙo ne," in ji shi. "Tsami ne ɗan gida. Ka daina zuwa, ɗan gida zai karɓi gidansa."

Ta goma sha takwas ɗin ita ce ta bakin rijiya, ita kaɗai bai yi wa aure ba, kuma labarinta shi ne labarin faɗan da ya jawo duk wannan ƙus-ƙus. Filin lambun gadon kakanmu ne. Lokacin da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gida ta nemi rabonta, Baffa ya ce a bari sai ya samo waɗanda suka san iyaka, shi ba ya raba ƙasa da wai-wai. Ita kuma ta ɗauka hana ta yake so ya yi. Jini ɗaya, zuciya iri ɗaya. Suka yi ta yi a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo ta katanga, Gwaggo ta tafa hannu ta ce in dai da haƙƙinta a lambun nan, to ba mai shan zaƙinsa. Ba a yi wata guda ba Baffa ya samo dattawan, aka ja igiya aka fitar mata da nata, ya gina mata ɗaki a gabashin gida, ya kuma bar mata wannan bishiyar a tsaminta saboda ta ce tana son na girki. Shekara ashirin da ɗoriya bayan haka, kullum da safe sai ta zo ta gaishe shi, shi kuma ya ɗanɗana abin da ta kawo ya ce gishiri ya yi yawa ko da kunu ne. Sulhun ba wanda ya tuna da shi. Maganar da ta faɗa cikin fushi kuwa, kowa ya haddace ta kamar karatun allo.

Ciwon ya same shi ne a lambun, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka dawo da shi daga asibiti ya sa aka kira ni. Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, yana can yana fataucin hatsi tsakanin Babura da bakin iyaka, bai san hanyar rijiyar ba sai in lemo ya nuna. Ni ne na san tabon. Baffa ya laluba ƙarƙashin matashi da hannun hagu ya ciro wuƙar ya danƙa mini, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da kalma biyu: ƙasan tabo. Na ce an gama, Baffa, ka kwantar da hankalinka. Gwaggo tana bakin ƙofa da kwanon ruwa a hannu, ta ga komai.

Sau huɗu na je. Daga nan aka mayar da ni wata makaranta can wajen Achilafiya, ga iyali, ga tsadar mai, ga wannan ga wancan, dalili dai ba ya ƙarewa a bakin malalaci. In na zo gida sai in gaida Baffa, in sha fura, in hau babur. Injin ban-ruwa ya lalace, wanda muka ɗora wa ban-ruwan ya tafi ci-rani bai dawo ba. Wata rana na hango lambun daga kan hanya ya yi kore shar, ya yi duhu fiye da da, wallahi har daɗi na ji, na ce ashe ma ba ya bukatata. Alhali na san abin da koren yake nufi. Na kau da kai na ƙara wa babur wuta. Rassan zaƙin suka bushe ɗaya bayan ɗaya, masu neman itace suka ɓalle su suka kai murhu.

A shekara ta huɗu bishiyoyin suka yi 'ya'ya kamar za su karye. Manya-manya, masu kaurin ɓawo da ƙuraje-ƙuraje, cike da ƙwallaye. Yaya ya sa aka ciko kwando aka kawo zaure, ya yanka ɗaya a gaban baƙinsa ya kai baki. Ina wurin. Ya yamutsa fuska ya tofar, ya yanka na biyu, na uku, har na bakwai. Sai ya ajiye wuƙa ya ce wannan ba aikin ƙasa ba ne, aikin hannu ne. Da na buɗe baki a lokacin, da magana ta mutu a zauren. Na dubi baƙi, na dubi Yaya, na tuna ni ne malamin da ake kira in an kawo wasiƙa ko takardar asibiti. Na ce ikon Allah. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Gwaggo ce kaɗai ba ta juya wa lambun baya ba, kuma wannan ne ya ƙara ɗaure ta. Kullum da hantsi za ka gan ta da ƙwarya tana tsintar lemon da kowa ya raina, tana cewa abin da ya fito a ƙasar ubanta ba zai ruɓe tana kallo ba. Da ma sana'arta awara ce. Ta daina jiƙa tsamiya, ta daina ajiye ruwan tsamin gasara. In madarar waken suya ta tafaso sai ta matse lemon ta tace ta zuba a hankali, nan take ta dunƙule fara tas, ba warin nan da ruwan tsami kan bari. Kunun gyaɗa sai ta sauke shi daga wuta kafin ta matsa, ta ce in yana tafasa aka matsa ɗaci yake yi. In an kawo tarwaɗa daga dam ɗin Kazaure, lemo ɗaya ya ishe ta ta kashe yauƙi da ƙarni. Da shi take wanke kayan ciki, da shi take jiƙa naman tsohon zakara ya yi laushi, tana kuma ɗiga shi a kwaɗon zogale. Wanda mura ta kama ta haɗa masa da zuma da citta a ruwan ɗumi. Ɓawon ma ba ta yar da shi. Ɗanye ta dangwala a toka ta goge gindin tukunya, busasshe ta jefa a garwashi saboda sauro.

Mutane suka zuba ido suka haɗa zance. Wa ya ce ba mai shan zaƙin lambun? Ita. Bishiyar wa ce mai tsami tun asali? Tata. Yau da duk suka koma irin tata, wa ke amfana? Aka ce an gan ta tana magana ita kaɗai a bakin rijiya. Aka ce ta binne wani abu. Masu sayen awararta suka ragu, daga baya sai baƙin da ba su san zancen ba. Mata suka daina kai mata jarirai ta yi musu wanka, ita da rabin garin nan a hannunta suka yi wankan farko. Ban taɓa jin ta kare kanta ba. Ni kuma in na zo sai in ci awarar in ce ta yi daɗi, ina ganin kamar na yi mata wani abin kirki.

Ba a kai wa majinyaci irin wannan zance, amma Baffa ba mutumin da za a rufe wa ido ba ne. Duk zuwan da na yi sai ya ce, lambu? In ce lafiya lau. Wata Asabar da la'asar, bara, na ba shi amsar da na saba, sai ya ƙura mini ido ya ja maganar da ƙyar.

"Ji... ko gani?"

"Gani, Baffa."

Ya yi wa Gwaggo nuni, ta je ta ɗauko masa lemo ɗaya daga ƙwaryarta, da ɗan reshensa a jiki. Ya shafa ƙurajen ɓawon da babban yatsa, ya taɓa ƙayar, ya murza ganyen ya kai hanci. Ya daɗe yana shaƙa. Sa'an nan ya ajiye a kan ƙirjinsa ya dube ni, ba fushi ba komai, kallon mai jira. Na ce yamma ta yi, hanya ba kyau, na tashi. Tun daga ranar bai sake tambayata lambu ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Daga baya harshen ya ɗauke gaba ɗaya. A watanninsa na ƙarshe ya ƙi abincin kowa. Matarsa ta kawo ya rufe baki, matar Yaya ta kawo ya juya fuska bango, sai kunun Gwaggo mai lemon nan, shi ma sai an taru a ɗakin yake karɓa, ya sha yana bin mutane da ido ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke ɗiga zuma a ruwa kafin ya lasa. Iyakar shaidar da ta rage masa ke nan, ya kuwa bayar da ita. Amma zuciyar da ta riga ta karkata ba ta ganin abu yadda yake. Aka ce kun gani, ta mallake shi har ba ya iya cin na kowa. Da ya rasu kuma aka fara tambayar me ya sha na ƙarshe.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha an watse, Yaya ya ja ni bayan rumbu. Ya ce ya gama shawara. Da an yi arba'in zai sa a sare bishiyoyin duka, a ƙone kututturan, a tone ƙasa a fitar da abin da aka binne. Gwaggo kuma ta tattara ta koma wajen 'yarta a Gwiwa, shi ba zai iya barin 'ya'yansa suna shiga ɗakinta ba. Ya ce ni ne mai ilimi, ni zan je in faɗa mata da lafazi mai daɗi. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, a fitar da ita daga gidan ubanta da sunan mai sammu, kuma ni za a aika. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Yaya, abin da aka binne ɗin nan, ji ka yi, ko gani ka yi?"

Ya dube ni kamar mamacin ne ya yi magana. Na ce ya ba ni gobe da safe.

Washegari muka tafi lambun mu huɗu, ni da Yaya da Gwaggo da dattijon nan na Gwiwa, wanda ya tsaya sai an yi bakwai. Na durƙusa a gindin bishiyar farko na share ciyawa da hannu. Tabon yana nan. A samansa guntun itace busasshe da gara ta ci rabinsa, shi ne abin da ya rage na lemon zaƙin Baffa. A ƙasansa kuma rassa uku masu kaurin damtse sun fito sun yi sama da ƙayoyinsu. Na faɗa musu abin da Baffa ya faɗa mini. Na tsinko ganye daga nan, na tsinko daga bishiyar bakin rijiya, na ba Yaya ya murza ya shaƙa, ƙamshi ɗaya. Muka bi goma sha bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na yagar mana riguna. Sa'an nan na fito da wuƙar daga aljihu, ta yi tsatsa har ba ta buɗuwa sosai, na ce ba wanda ya binne komai a lambun nan. Ni aka ba amana na yi watsi da ita, na yi wa Baffa ƙarya shekara biyar, na kuma ji ana cin naman Gwaggo shekara biyu na yi shiru don kada a ce malam ya gaza.

Yaya ɗan ubansa ne, bai yarda nan take ba. Ya ce ko dai rufa mata asiri nake yi. Ya ɗauki fartanya ya tone gindin bishiya biyu da kansa har ya haɗa gumi, bai samu komai ba sai saiwa. Dattijon ya ce shi ma Baffa ya taɓa yi wa bishiya shida aure a gidansa, kuma gargaɗin da ya yi masa ke nan, in ya ga toho a ƙasan tabo kada ya bari ya kwana. Yaya ya jingine fartanyar, ya zauna a bakin rijiya ya rufe fuska da hula. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba.

Na juya wajen Gwaggo na durƙusa. Ina tsammanin ganin mamaki a fuskarta, ban ga ko ɗigo ba. Ta ce ita ke yanka wa Baffa ledar ɗauri tun kafin in san dama da hagu, ta riga ni sanin tabon. Na ce to me ya hana ta yanke tohon da kanta? Ta ce wadda ta yi waccan maganar a tsakar gida, a gan ta da wuƙa a gindin bishiyar ɗan'uwanta yana kwance? Na ce to me ya hana ta faɗi sunana?

"Maraya ne kai a hannunmu," ta ce. "Ni sunana ya kusa gama aikinsa, naka ne ke da sauran tafiya. Kuma Baffanku ya nuna mini in bari, daga bakinka yake so ya ji." Ta gyara lulluɓinta ta dubi wuƙar. "Amma ka daɗe, ɗan nan. Kullum ya ji ƙarar babur sai ya juyo da kansa wajen ƙofa."

Da muka koma gida na sa matata ta tara matan da ke zaman makoki, na tsaya a bakin tsakar gida na maimaita komai, na karɓi kofin kunun Gwaggo na shanye a gabansu. Wasu sun je sun ba ta haƙuri. Wasu har yau suna cewa ai dole ɗa ya rufa wa gwaggonsa asiri, kuma cinikin awararta bai koma yadda yake ba. Saboda su na rubuta wannan, wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Tabon yana nan a jikin bishiya goma sha bakwai, ƙofar lambun ba a kulle take ba, kowa ya je ya gani. Gwaggo tana ɗakinta, ba inda za ta. Bishiyoyin ma ba a sare su ba. Dattijon Gwiwa ya ce saiwarsu lafiya take, in damina ta kusa zai kawo idon reshe daga waɗanda Baffa ya aura masa mu gwada. Na wasa wuƙar.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, wanda bai taɓa ɗora wa kowa abin da bai gani ba. Ka yafe masa abin da Ka gani wanda mu ba mu gani ba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi abin da ya fi lemonsa zaƙi. Ka ba Gwaggo ladan shirunta. Ni kuma Ka yafe mini nawa shirun, don wanda ya kamata in roƙa gafara ya yi shekara guda yana kallon ƙofa, ni kuwa sai da aka kai shi da kwana huɗu na iso da gaskiyar.